Daga St. John's zuwa Kwalejin Rimi: Tarihin Darasin Addini a Wata Makarantar Kaduna

Makarantar da mutanen Kaduna suke kira Kwalejin Rimi a yau ba da wannan suna aka haife ta ba. A shekarar 1949 limaman Katolika na ƙungiyar SMA suka buɗe ta da sunan St. John's College, a yankin Unguwar Rimi. Ƙungiyar a birnin Liyon na Faransa aka kafa ta a 1856, kuma 'ya'yanta sun zauna a Shendam da ke Arewa a 1907, amma fada-fadan da suka riƙe aikin Kaduna yawancinsu mutanen Ailan ne. Shugabansu a lokacin shi ne John McCarthy, wanda ya zama babban bishop na farko na Kaduna a 1959.

Zaɓen Kaduna yana da dalili. Turawan mulki sun taƙaita aikin mishan a cikin biranen sarakuna, Kaduna kuwa sabon gari ne, hedikwatar gwamnati, mahaɗar jirgin ƙasa, cike da ma'aikata daga kudu da iyalansu. Ga kuma yaran kudancin Zazzau da na Filato da suke gama firamaren mishan ba su da inda za su ci gaba. 'Yan mata sun riga sun sami tasu, Queen of Apostles ta Kakuri, a hannun sistocin Katolika na ƙungiyar OLA. Maza ne suka rage.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin nan shi ne yadda ake koyar da addini. A makarantun kwana na Katolika na wancan zamani, darasin addini kashi biyu ne. Akwai katikizim, tambaya da amsa, wanda yaro zai haddace har ya zauna masa a ka: wane ne ya halicce shi, don me, mene ne zunubi, mece ce baftisma. Wannan na coci ne, fada ne yake koyar da shi, kuma ba ya shiga takardar shaidar gama makaranta. Sai kuma ilimin Littafi Mai Tsarki, wanda ake rubuta jarrabawarsa kamar lissafi da Turanci, da farko a ƙarƙashin Jami'ar Kambirij, daga baya a ƙarƙashin WAEC da aka kafa a 1952. A nan ɗalibi yana bin Linjila da Ayyukan Manzanni babi babi.

Sai dai ainihin karatun ba a aji kaɗai yake ba. Ƙararrawar asuba, Misa da harshen Latin kafin karin kumallo, addu'a kafin a taɓa abinci, fada yana kwana a harabar da yara suke kwana: duk wannan manhaja ce ko da ba a rubuta ta ba. Wanda ya koya wa yaro cewa ƙarya zunubi ce da safe, shi ne zai kama shi da ita da yamma. A ganina nan ne ƙarfin tsarin yake.

Babban taron cocin Katolika, wato Taron Vatikan na Biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya sassauta abubuwa da yawa. Latin ya ja baya, Turanci da Hausa suka shiga ibada, haddar katikizim ta fara ba da wuri ga bayani, kuma cocin ta bayyana a rubuce cewa tana girmama Musulmi.

Babban canji ya zo a 1972, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya a ƙarƙashin Abba Kyari ta karɓe makarantun mishan. St. John's ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Queen Amina. Hujjar gwamnati tana da nauyi: bayan yaƙin basasa ana son makaranta ta zama ta kowa, kada uba Musulmi ya ji tsoron kai ɗansa. Ƙofa ta buɗe, kuma wannan alheri ne da ba zan raina ba. Darasin addini ya rabu biyu, CRK ga Kirista, IRK ga Musulmi, kowa da malaminsa, ƙararrawa ta kaɗa a rabu, ta sake kaɗawa a haɗu.

Amma an yi asara ma. Katikizim ya koma coci ranar Lahadi, abin da ya saura a aji shi ne abin da za a tambaya a jarrabawa. Yaro yana iya cin CRK ko IRK da maki mai kyau ba tare da wani ya taɓa duba halinsa ba, domin malamin ya tafi gida tun azahar.

Har yau cocin Katolika tana neman a mayar mata da makarantunta, wasu jihohin kudu kamar Anambara ma sun mayar. Ko an mayar ko ba a mayar ba, tsoffin ɗaliban St. John's da na Rimi, Kirista da Musulmi, su ne suka fi kowa sanin abin da aka samu da abin da aka rasa. Ya kamata su zauna su rubuta shi tun waɗanda suka ga zamanin fada-fadan suna raye.