Gari Na Wa Ne? Waiwaye Kan Tarihin Zaman Birni A Ƙasar Hausa

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai, da editan wannan mujalla tamu ya nemi in rubuto wani abu a kan tarihi, sai na zaɓi in yi magana a kan abin da aikin gwamnati ya sa nake gani kullum a cikin fayil, watau batun fili da unguwa da hanya da ruwan sha, da kuma wanda ake tambaya kafin a yanke shawara a kansu. Ni mutumin Gummi ne, kuma na san wani zai ce ina ruwan Gummi da matsalar manyan birane. To, Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya sami Kano da Legas da Abuja jiya, shi ne ke ƙwanƙwasa ƙofar Gusau da Anka da Gummi a yau.

Bari mu fara da birnin Hausa tun kafin zuwan Turawa. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu ne ya soma ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa kuma, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi. A cikin wannan ganuwa an bar filaye na noma da kiwo, da kududdufai inda kowa ke ɗibar ƙasar gini. Sunayen unguwanni kansu shaida ne cewa baƙo yana da wurin zama: akwai Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Agadasawa, da Ayagi inda Yarabawa suka sauka. Baƙon da ya zo yakan sami mai masauki, mai masauki ya kai shi wurin mai unguwa, a nuna masa inda zai kafa gida. Sai dai kada mu yi wa tarihi kwalliya. A wannan birni akwai bayi, akwai talakawa waɗanda ake tarawa aikin gyaran ganuwa ba tare da an ji ra'ayinsu ba, kuma maganar attajiri da ta basarake ta fi ta kowa nauyi. Abin lura dai shi ne, mai kuɗi da matalauci sukan yi katanga ɗaya, su sha rijiya ɗaya, su haɗu a masallaci ɗaya, saboda haka kukan ɗaya ba ya ɓuya ga ɗayan.

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Daga nan ne aka soma yanka gari gida-gida bisa doka. Wajen 1913 aka kafa Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu. Turawa suka keɓe wa kansu Nasarawa da Bompai. A 1917 gwamnatin Lugga ta fito da dokar garuruwa, kuma tsarin wancan zamani ya tanadi a bar fili fetal na yadi 440 tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga gidan baƙar fata ya kai bariki. A bariki aka shuka itatuwa, aka shata tituna masu faɗi, aka ba kowane gida fili mai yalwa. Birni kuwa aka bar shi a hannun En'e, wadda talaka ke biya wa haraji amma ba shi da kujera a inda ake kasafta kuɗin. Wannan fasali aka maimaita a Zariya da Kaduna, haka ma a Gusau bayan da layin dogo ya ratsa ta zuwa Kauran Namoda a 1929, cinikin gyaɗa da auduga ya bunƙasa. Shi ya sa har yau za ka ji Sabon Gari da Tudun Wada a duk waɗannan garuruwa.

Talakawa ba su yi shiru ba. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya, babban kukanta shi ne a ba talaka murya a mulkin En'e. An daure 'ya'yanta da dama saboda wannan. Amma da aka sami mulkin kai a 1960, ba a rushe katangar da Turawa suka gina ba. Bature ya fita daga bariki, babban ma'aikaci ɗan ƙasa ya shiga. Mu ma'aikatan gwamnati ya kamata mu fi kowa sanin wannan, domin mu ne magadan waɗannan gidaje, kuma har yanzu a garuruwa da yawa kwalta da fitilar titi a unguwar manya suke farawa.

Sa'an nan a 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa. Dokar ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ke ba da takardar mallaka a cikin birni, ƙaramar hukuma kuma ta kula da na karkara. Gwamna yana da ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da za a biya kuwa ta gini ce da shuka, ban da ƙasar kanta. An ce an yi dokar ne don a sauƙaƙa wa kowa samun fili. Amma a wurin aiki na ga yadda abin ke gudana. Manomin da gari ya cim ma gonarsa, wadda ya gada kaka da kakanni, ba shi da takarda, ba shi da kuɗin safiyo, bai san ƙofar ofis ba. Wanda ya san ƙofa shi ke fita da fuloti uku ko huɗu, ya kewaye su ya bar su suna jiran tsada.

Inda abin ya fi muni shi ne Maroko a Legas. A watan Yuli na 1990 gwamnatin soja ta Kanar Raji Rasaki ta ba mazauna unguwar wa'adin kwana bakwai, ta sa katafila ta baje ta a tsakiyar damina. An ƙiyasta mutanen da suka rasa matsuguni sun kai 300,000, kuma filin ya koma unguwar masu hali. A Abuja, wadda aka kafa da dokar 1976 aka kuma koma cikinta ranar 12 ga Disamba, 1991, an tashi ƙauyukan Gwari da dama, kuma rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 ya tura dubban ƙananan ma'aikata da 'yan tireda zuwa Mararaba da Nyanya da Suleja. Su ne ke share birnin, su tuƙa motocinsa, su yi gadinsa, amma da magariba sai su fice, domin ba a tsara shi da su ba.

Wani masani Bafaranshe mai suna Henri Lefebvre ya rubuta littafi a 1968 a kan abin da ya kira haƙƙin zama ɗan birni. Ma'anarsa a taƙaice ita ce, duk wanda ke zaune a gari yana kuma yi masa aiki, yana da haƙƙin cin moriyarsa da haƙƙin sa baki a yadda za a tsara shi, ko yana da takardar fili ko ba shi da ita. A ƙasar Barazil an gwada wannan a aikace. Tun daga 1989, a birnin Porto Alegre, mutanen unguwanni suka riƙa taruwa suna zaɓen ayyukan da za a fara yi da wani kaso na kuɗin gari, kuma unguwannin talakawa suka sami famfo da magudanan ruwa da suka daɗe suna nema. A nan gida ma, dokar tsara birane ta 1992 ta ce a baje shirin gari a fili don jama'a su duba su kawo ƙorafi. Sai dai ina tambayar mai karatu, sau nawa aka taɓa kiransa irin wannan taro?

Yanzu mu dawo gida. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, Gusau ta zama babban birni, filaye suka yi tsada, hedikwatocin ƙananan hukumomi irin namu su ma suka soma faɗaɗa. Daga baya matsalar 'yan bindiga ta koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin gari. A Anka iyalai da yawa sun yi shekaru a gine-ginen da ba a kammala ba da filayen da aka kafa bukkoki. Waɗannan mutane 'yan uwanmu ne, su ne ke noma abin da muke ci kafin a raba su da gonakinsu. Yanzu suna ɗebo ruwa, suna dako a kasuwa, 'ya'yansu na girma a cikin gari, kuma da yawansu ba za su koma ba. Idan muka ci gaba da ɗaukarsu baƙi, to mun sake gina Sabon Garin Lugga da hannunmu. Haka kuma ambaliyar da ta auka wa Gummi a watan Agusta na 2024 ta rushe gidaje masu yawa, ta kuma tuna mana cewa garin da ke kusa da Gulbin Zamfara ba ya wasa da hanyar ruwa. Wanda ba shi da hali shi ke gini a kwari, domin nan ne fili ke da araha, kuma gidan ƙasa shi ke fara faɗuwa.

To, mene ne namu a ciki? A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko an aiwatar da wuri ko an yi jinkiri, kuɗin da ba a sa wa ido ba, ba ya isa unguwar talaka. A cikin wannan ƙungiya tamu akwai injiniyoyi da safiyo-safiyo da lauyoyi da malaman makaranta. Shawarata ita ce mu nemi ƙaramar hukuma da masarauta su zauna da masu unguwanni, da 'yan kasuwa, da mata, da waɗanda suka yi gudun hijira, kafin a yanka sabbin fulotai. A fitar da taswirar gari a manna ta inda kowa zai gani, a yi bayaninta da Hausa. A ware filin makaranta da asibiti da maƙabarta da hanyar ruwa tun kafin a sayar da su. Lauyoyinmu kuma su ware ko da rana ɗaya a wata su taimaki masu gonakin bakin gari wajen neman takarda.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gummi ba ta kai girman da gyara zai gagara ba tukuna, kuma mu da jama'a suka ɗauki nauyin karatunmu da harajinsu, mu ne ya fi cancanta mu fara wannan magana. Allah ya zaunar da garuruwanmu lafiya, amin.