2.3 Tarihin Kare Ɗan Tayi daga Ƙwayoyin Bakteriya a Ɗakin Reno

A wannan sashe za a dubi yadda masana suka fuskanci matsalar gurɓacewar ɗan tayi, wato shigar bakteriya cikin ruwan da ake renonsa bayan an haɗa ƙwan mace da maniyyi a wajen mahaifa.

Matsalar ta girmi aikin kansa. Tun a 1912, lokacin da Alexis Carrel ya fara renon tsokar zuciyar ɗan tsako a Niyok, an gane cewa ruwa mai gina jiki da ɗumi su ne abin da bakteriya ke so. Carrel ba shi da wani makami sai tsananin tsafta. Gano fenisilin a 1928 da istireftomaisin a 1943 shi ya ba masana damar zuba magani cikin ruwan reno, kuma waɗannan magunguna biyu suka zama ruwan dare bayan haihuwar Louise Brown a Oldham ta Ingila a 1978, ta hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards da Jean Purdy.

Abin lura shi ne, ɗan tayi yana kwana biyu zuwa biyar a zafin digiri 37, ba tare da garkuwar jikin uwa ba. Idan bakteriya ta shiga, da safe sai a tarar ruwan ya dagule, sau da yawa kuma 'yan tayin sun lalace. Ga ma'auratan da suka sha allurai na makonni, suka kashe dukiya, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

An samar da hanyoyin wanke maniyyi, domin shi ne babbar ƙofar shigowar ƙwayoyin. Sai dai binciken da Kastrop da abokan aikinsa suka buga a 2007, daga asibitin jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, ya nuna wankin bai wadatar ba. Gurɓacewar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma mafi yawanta daga E. coli ne, kuma da dama daga ƙwayoyin sun riga sun bijire wa tsofaffin magungunan biyu. Irin wannan bijirewa ce ta sa jentamaisin ya maye gurbinsu. Har ila yau, ba a sami gurɓacewa ko ɗaya ba inda aka tsira maniyyi guda ɗaya kai tsaye cikin ƙwai, dabarar da Gianpiero Palermo da abokansa suka fito da ita a Burasal a 1992. A ra'ayin wannan bincike, wannan shi ne mafi muhimmancin sakamakon, domin dabarar an ƙirƙiro ta ne saboda raunin maniyyi, sai ga ta tana toshe wata ƙofa dabam.

Idan kuwa abin ya riga ya auku, akan wanke 'yan tayin sau da yawa a sabon ruwa mai magani, a gwada ƙwayar don sanin maganin da ke kashe ta, wasu ɗakunan kuma sukan cire ɓawon da ke lulluɓe da ɗan tayi, inda ƙwayoyin ke maƙalewa, kafin a daskarar da shi.