ZARE: Agadas, Asode da hanyar da gishiri ya bi ya iso Kano

1/ Zaren nan yana da tsawo, ku nemi wuri ku zauna. A hutun da ya wuce na bi wata tawaga zuwa Agadas da duwatsun Abzin, kwana tara. Hotuna na je ɗauka, wallahi. Na dawo ina jin kunyar shekara ukun da na yi ina karanta Tarihi a jami'a.

2/ Ga asalin abin. A cikin badalar Kano akwai unguwar Agadasawa, can aka haifi kakata ta wajen uwa. Duk sanda na yi yawo na dawo dare sai ta ce, "Jinin Abzin ne, ba ku iya zama wuri ɗaya." Ban taɓa tambayarta me take nufi ba har ta rasu. Allah Ya jiƙan ta.

3/ Mu goma sha ɗaya ne, yawanci ɗalibai, wasu daga Kano wasu daga Damagaram. Mun bi ta Daura muka tsallaka a Kwangwalam, muka kwana Damagaram. Washegari muka kama hanyar Tanut da Adarbisinat, sama da kilomita 400. Tun daga Tanut gonakin gero suke janyewa, ƙaya da raƙuma su karɓi fili.

4/ Kafin ka shiga gari za ka hango hasumiyar babban masallaci. Tsawonta mita 27, duk ƙasa ce, an soke ta da itace ta kowane gefe. Itacen nan shi ne tsanin magina idan za a yi yaɓe. UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013.

5/ An fara gina masallacin wajen 1515, mutanen gari suna danganta shi da wani waliyyi mai suna Zakariyya. An sake gina hasumiyar a 1844. Na hau ciki. Matakalar tana ƙara matsewa kana hawa, jemagu suna shafar kai. Wani abokinmu mai ƙiba a rabi ya tsaya ya ce shi ya yafe.

6/ Daga sama ne na fahimci garin. Lungunan ba su miƙe ba, sun karkace kamar an zubar da igiya. Jagoranmu, wani dattijon Ba'abzine, ya ce unguwanni 11 na tsohon gari sun bi sawun zangon kabilu ne. Inda kowace kabila ta kafa tanti, nan daga baya ta yi ginin ƙasa.

7/ To, wa ya kafa sarautar? A farkon ƙarni na 15 kabilun Abzinawa sun gaji da faɗa da juna, ayari ba ya wucewa lafiya. Sai suka naɗa sarki wanda ba na kowace kabila ba, don ya riƙa raba gardama. Na farko sunansa Yunus. Labarin baka yana cewa daga Istanbul aka roƙo shi.

8/ Malaman tarihi suna ɗaukar zancen Istanbul a matsayin almara. Abin da ya fi tabbata shi ne sarakunan farko sun yi ta sauya mazauni, sai wajen tsakiyar ƙarnin suka zauna a Agadas. Dalilin zaɓen wurin a fili yake: nan hanyar Ghat da Turabulus ta haɗu da ta Gao da ta ƙasar Hausa.

9/ Yanzu ku dubi yadda lissafin ya haɗu da namu. Kundin Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Yakubu, 1452 zuwa 1463, Abzinawa suka zo Gobir, gishiri ya wadata a ƙasar Hausa. Wato daidai lokacin da Agadas take kafuwa, miyar Kano ta fara jin canji.

10/ Gishirin ba a Agadas yake ba. A Bilma da Fashi ake haƙo shi, can tsakiyar hamadar Tenere, kusan kilomita 600 gabas. Ana zuba shi a ƙwarya ko kututturen da aka fafe ya daskare. Shi ne kantun gishiri da ake kai wa dabbobi su lasa har gobe.

11/ Ayarin yakan tashi da kaka. Ya ɗauki gero ya kai Bilma, ya musanya da gishiri da dabino, ya dawo Abzin, sannan ya gangara Damargu da Damagaram da Kano. A Kano ya sayi hatsi da takalma da turkuɗi, baƙin yadin nan mai sheƙi da ake rinawa a Kura.

12/ Kun ga rawanin da Abzinawa suke rufe fuska da shi, mai shuni har ya kama fata? Mafi tsadarsa aikin marinan Kura ne. Na faɗa wa jagora ni Bakano ne, ya taɓa rawaninsa ya ce, "To ɗana, kayanku ne a kaina." Duk tawagar aka yi dariya, ni kuwa jikina ya yi sanyi.

13/ Dukiya tana jawo ido. Askiya Muhammadu na Songhai ya kawo wa Agadas yaƙi wajen 1500, ya sake dawowa wajen 1515. A wannan yaƙi na biyu Kanta yana cikin rundunarsa. Rabon ganima bai yi masa daɗi ba, ya yi tawaye, daga nan Kabi ta tsaya da ƙafarta.

14/ Ka ji fa. Tarihin Kabi da aka koya mana a sakandare kamar daga sama ya faɗo, ashe wani sashe nasa a ƙofar Agadas aka ƙulla shi. Haka Gobirawa: labarinsu na kaka da kakanni yana cewa a Abzin suka zauna kafin a turo su kudu, su yi Birnin Lalle, daga baya Alƙalawa.

15/ Ilimi ma ta nan ya bi. Shehu Magili ya ratsa ƙasar Abzin kafin ya iso Kano zamanin Muhammadu Rumfa. Bayan kusan shekara 300 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yana saurayi, ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Malamin ya wuce aikin hajji, Shehu ya koma gida don bai da izinin mahaifinsa.

16/ An kai mu gidan da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a Oktoban 1850. Da sunan Abdulkarim yake yawo. Ya tarar da gari ya koma kufai-kufai, ya ƙiyasta mutanensa kusan 7,000, alhali ganuwa da rusassun gidaje suna nuna an taɓa yin ninkin haka. Daga nan ya iso Kano a Fabrairun 1851.

17/ Abin da ya fi ba ni mamaki: a zamanin Barth mutanen Agadas wani reshen harshen Songhai suke yi a gida. Yau ya mutu. Hausa ce harshen kasuwa da lungu, tare da Tamashek. Na yi ciniki a kasuwa ba tafinta, sai dai suna jin "e" ɗina su ce, "Ɗan Najeriya ne."

18/ Kwana na huɗu muka bar kwalta. Motoci uku masu jan ƙafa huɗu, su kat-kat suke ce musu, da jarkokin mai da na ruwa, da rakiyar jami'an tsaro don ba a shiga duwatsu haka kawai. Daga nan babu sabis. Wata 'yar tawagarmu ta yi ta ɗaga waya sama har ta haƙura.

19/ Hanyar ita ce kori, wato busasshiyar ƙorama. Rairayi a ƙasa, baƙaƙen duwatsu hagu da dama kamar an ƙona su. Direba ya rage iskar taya don ta baje ta hau kan yashi. Ni da nake taƙama na iya mota a Zoo Road, nan na yi shiru.

20/ Wajen azahar motarmu ta kafe. Direba ya taka, taya ta ƙara nutsewa har ciki ya zauna a ƙasa. Muka sauka, muka yi ta tono da shebur da hannu, aka cusa faifan ƙarfe a ƙarƙashin taya, muka tura. Ta yi taku goma ta sake kafewa. Sau uku muna haka.

21/ A cikin wannan wahala na shanye ruwan gorata kaf, na je zan ƙara na wanke fuska. Jagora ya riƙe jarkar ya ce, "Ɗana, wannan ba famfon gidanku ba ne. Rijiya ta gaba sai gobe." Bai ɗaga murya ba. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa ido.

22/ Da dare ya binne ƙullun fulawa cikin rairayi mai zafi da garwashi, ya tono, ya kakkaɓe, aka gutsuttsura cikin miya. Tagella sunanta. Muna shan shayi ya ce mahaifinsa ya yi Bilma da raƙuma sau da yawa, makonni ana tafiya, da taurari ake gane hanya. Mu kuma awa uku sun sa mun fara tsine wa tafiyar.

23/ Timiya, kusan kilomita 220 daga Agadas, yini guda cur. Kana cikin dutse ƙurmus sai ga kore: lemo, rumman, dabino, inabi. Raƙumi ko sa ne yake jan guga daga rijiya, ruwa ya bi ƙananan magudanai zuwa kowane fangali. Kusa da garin akwai tafki a gindin dutse. Mun yi wanka kamar yara.

24/ Daga Timiya muka nufi Asode. Wannan ne wurin da ya sa na rubuta zaren nan. Gari ne na dutse, ana ce masa tsohon babban birnin Abzin, mazaunin shugabannin Kel Owey. Yau ba kowa. Katangu a tsaye, ƙofofi ba ƙyaure, ragowar babban masallaci, fasassun tukwane a ko'ina a ƙasa.

25/ Me ya kashe shi? Ba abu ɗaya ba ne. Cinikin arewa ya yi ta raguwa tun da Turawa suka buɗe hanyar teku. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan Turabulus suka daina biyan wahalar raƙumi. Gyaɗa da fata suka juya kudu zuwa Ikko. Kano ta juya wa hamada baya.

26/ Sannan yaƙi. A Disamban 1916 Kawusan, jarumin Abzinawa mai alaƙa da Sanusiyya, ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Kusan wata uku suna riƙe da gari. A Maris 1917 dakaru suka iso daga Damagaram suka karya ƙawanyar. Ingilishi na Najeriya ma sun taimaka wa Faransa.

27/ Ramuwar ta yi muni. An kashe mutane da yawa a Agadas, cikinsu har da malamai. An kwashe dabbobi, an kori mutane daga ƙauyukan duwatsu. Kawusan ya mutu a Fezzan a 1919, Tagama ya mutu a kurkukun Damagaram a 1920. Asode, da dama ta riga ta raunana, ba ta sake tashi ba.

28/ Na tsaya cikin wani ɗaki da ba rufi ina lissafi. Idan kakannin kakata sun baro Abzin, ko ciniki ne ya kawo su ko yunwa ko yaƙi, ta irin wannan ƙofa suka fita. Amsar tana bakinta shekara da shekaru, ni kuma ina gefe ina danna waya.

29/ Wani a cikinmu ya tsinci guntun tukunya mai zane zai sa a aljihu. Jagora ya ce ya mayar inda ya ɗauka. Ya ce baƙi sun yi shekaru suna kwashe kibiyoyin dutse da duwatsun niƙa, kowa yana cewa ɗaya ne kawai. Wuraren da ya sani tun yana yaro a cike, yanzu ƙasa ce zalla.

30/ A hanyar dawowa muka tsaya Dabus, ta wajen hanyar Arlit. Raƙuman dawa biyu ne aka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita 5, shekarunsu dubbai. Wanda ya sassaƙa su ya gan su da idonsa, har zanen fatarsu. Wato inda muka kafe muna rabon ruwa, da can ciyawa ce da tafkuna.

31/ Kada in yi muku ƙarya, yankin yana cikin wahala. Tawayen shekarun 1990 da na 2007 zuwa 2009 da matsalar tsaro sun kori masu yawon buɗe ido. Tun 1992 gandun Abzin da Tenere yake jerin UNESCO na wuraren da ke cikin haɗari. Jagorori da maƙeran azurfa da yawa sun rasa sana'a.

32/ Ga kuma ruwa. Daminar 2024 ta yi ɓarna a gidajen ƙasa na tsohon Agadas, a Damagaram kuwa tsohon masallacin Birni ya rushe a Satumba. Ginin ƙasa yaɓe yake so duk shekara. Mu Kanawa ba mu da bakin yi wa kowa gori, ku je ku ga abin da ya rage na badala.

33/ Mai son zuwa: kada ka tafi kai kaɗai, kada ka bi jagoran da ba shi da izinin hukuma. A bincika halin tsaro da na iyaka a makon tafiya, don yana sauyawa. Lokacin sanyi ya fi, amma ka riƙe bargo, daren duwatsu ba wasa. Ka canza kuɗinka zuwa sefa tun a Damagaram.

34/ Ni dai na sauya batun aikina na ƙarshe, na koma kan Agadasawa. Na fara zama da ƙanwar kakata, tana da shekara sama da 80. Zama biyu kawai ta ba ni sunayen kakanni huɗu da sunan wata rijiya da zan nema a taswira.

35/ Idan gidanku Agadasawa ne, ko Zangon Barebari, ko kuna da kaka mai cewa "mu daga arewa muka zo", ku je da waya ku naɗi muryarta wannan makon. In kun samu wani abu game da fataken gishiri ku turo min, ina tattarawa. Hotunan Asode suna zuwa gobe in Allah Ya kai mu.