Sunan Gida da Sunan Uba: Tarihin da Ke Cikin Sunayen Tamilawa da Telugawa

A shekarar 1930 aka ba wani masanin kimiyyar fiziks ɗan Indiya, C. V. Raman, lambar yabo ta Nobel. Bayan shekara 53, a 1983, wani ɗan asalin Indiya, Subrahmanyan Chandrasekhar, ya karɓi irin wannan lambar a fanni guda. Wanda ya ga sunayen biyu a jere ba zai zaci akwai jini a tsakaninsu ba, alhali kuwa Raman ƙanen mahaifin Chandrasekhar ne. Abin da duniya ta ɗauka sunan dangi a wurin kowannensu sunansa ne na yanka. Harafin "C" da ke gaban sunan Raman na mahaifinsa ne, Chandrasekhara. Shi kuwa ɗan wansa sunan wannan kakan aka mayar masa, Subrahmanyan ɗin kuma sunan nasa mahaifin ne. Dukansu biyu sun ajiye wata kalma da iyayensu suke rubutawa a ƙarshen suna, wato Iyer ko Ayyar.

Wannan kalmar da aka ajiye ita ce bakin zaren. Tamilawa da Telugawa maƙwabta ne a kudancin Indiya, harsunansu dangin juna ne, kuma sun daɗe a ƙarƙashin dauloli guda. Ƙidayar 2011 ta nuna masu harshen Telugu sun kai miliyan 81, masu Tamil kuma miliyan 69, akasarinsu mabiya addinin Hindu. Amma yau Batelugu yana ɗauke da sunan gida da ya gada kaka da kakanni, Batamile kuwa galibi ba shi da komai sai sunansa da na ubansa. Wani ɓangare na wannan bambanci tsohuwar al'ada ce, wani ɓangaren kuma siyasar ƙarni na 20 ce ta haifar da shi.

Gari, uba, ɗa

Cikakken sunan Batamile a da yana da gaɓoɓi huɗu: garin asali, sunan uba, sunan yanka, sai laƙabin jati. Jati shi ne rukunin da ake haifar mutum a cikinsa, wanda a al'adance yake yanke masa sana'a, da gidan da zai nemi aure, da matsayinsa a idon jama'a. Marubucin nan R. K. Narayan cikakken sunansa Rasipuram Krishnaswami Iyer Narayanaswami. Rasipuram gari ne, Krishnaswami Iyer mahaifinsa ne da laƙabinsa, Narayanaswami kuma shi ne nasa. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba, domin shi ma sunan uba da na gari yake haɗawa da nasa, kamar yadda ake gani a Aminu Kano ko Shehu Shagari. Bambancin shi ne Tamilawa suna sa gari da uba a gaba, sannan su taƙaita su zuwa haruffa.

Saboda haka sunan ba ya wuce zuriya ɗaya ko biyu, domin kowane ɗa da sunan ubansa yake farawa. Wani lokaci ma sunan uwa ne. Shahararriyar mawaƙiya M. S. Subbulakshmi, "M" ɗinta birnin Madurai ne, "S" kuma Shanmukhavadivu, mahaifiyarta, wadda ita ma makaɗiya ce.

Laƙabin ƙarshe ne kawai ake gada bai canza ba, kuma kusan kowannensu ya faro ne a matsayin muƙami ko kalmar girmamawa. Iyer da Iyengar na 'yan Brahmin ne, rukunin malaman addini, kuma Iyengar su ne masu bautar Vishnu da ke bin koyarwar malamin nan Ramanuja. Mudaliar daga kalmar Tamil "mudal" yake, ma'ana na farko ko na gaba. Pillai asalinsa "ɗa" ne, ya zama laƙabin manoma masu ƙasa da ma'aikatan fada. Chettiar ana danganta shi da kalmar Sansikirit "shreshthi", wato shugaban fatake, kuma wani reshe na masu wannan laƙabi, Nattukottai Chettiar, su ne suka riƙe harkar ba da rance a Bama da Silon da Malaya a zamanin Turawan mulkin mallaka. Da tafiya ta yi nisa sai muƙamin kaka ya zama tambarin jikoki, ko sun riƙe muƙamin ko ba su riƙe ba.

Sunan gida

Telugawa suna da abin da Tamilawa ba su da shi, wato "intiperu", wanda fassararsa kai tsaye ita ce sunan gida. A gaba ake sa shi, kuma ana gadonsa ta wajen uba ba tare da ya canza ba. Sarvepalli Radhakrishnan, shugaban ƙasar Indiya daga 1962 zuwa 1967, sunan gidansu Sarvepalli, wani ƙauye ne a yankin Nellore. P. V. Narasimha Rao, firayim minista daga 1991 zuwa 1996, "P" ɗinsa Pamulaparti ne. Yawancin waɗannan sunaye na ƙauyuka ne, shi ya sa da dama suke ƙarewa da "palli" ko "uri" ko "pudi", kalmomin da ke nufin ƙauye ko mazauni. Wasu kuma daga sunan wani kaka suke, ko sana'a, ko wata alama ta gidan.

Aikin sunan gida ya wuce na shaida. A tsarin zumuntar kudancin Indiya auren taubasai abin so ne: saurayi yana iya auren 'yar kawunsa ko 'yar gwaggonsa. Amma 'yar wan uba ko ƙanen uba ƙanwa ce, ba ta auruwa. Sunan gida, tare da "gotra", wato tsatson da dangi suke jinginawa ga wani kaka na can da, su ne suke nuna wa iyaye gidajen da ba za a kai goro ba. Mace kuma idan ta yi aure takan koma sunan gidan mijinta. Sunan da yake da irin wannan aiki a rayuwar yau da kullum ba ya saurin faɗuwa.

Bayan sunan yanka, Telugawa ma suna da nasu laƙuban. Reddy tsohon muƙamin dagaci ne, kuma masu shi sun kafa daula a gaɓar tekun Andhra a wajen 1325, wadda daga baya ta yi hedikwata a Kondavidu. Rao daga "raja" yake, wato sarki, kuma rukunoni da yawa suna amfani da shi. Sastri na wanda ya karanci littattafan addini ne. Naidu kuwa daga "nayaka" yake, ma'ana jagora ko sarkin yaƙi. Don haka suna kamar Nara Chandrababu Naidu gaɓa uku ne: gida, mutum, laƙabi.

Kalmar nayaka ita ce ta ƙulla tarihin al'ummomin biyu. Daular Vijayanagara, wadda aka kafa a 1336, ta naɗa sarakunan yaƙi masu harshen Telugu su mulki ƙasar Tamil. Bayan da daular ta sha kaye a yaƙin Talikota a 1565, sai waɗannan hakimai na Madurai da Thanjavur suka zama masu cin gashin kansu. Sojoji da fatake da malamai da masu sana'a sun biyo su, suka zauna, kuma a bakin Tamilawa nayaka ya koma Naicker. Babban mawaƙin gargajiya Tyagaraja, wanda ya rayu daga 1767 zuwa 1847, a ƙasar Tamil aka haife shi, a can ya rasu, amma da Telugu ya tsara yawancin waƙoƙinsa, sunan gidansu kuma Kakarla, wani ƙauye a ƙasar Telugu da kakanninsa suka baro.

Ranar da aka yanke jelar suna

Mulkin Ingila ya ƙara wa laƙuban nauyi. Ƙidayar jama'a da aka fara a shekarun 1870 ta riƙa rubuta jatin kowa, ta 1901 kuma ta yi ƙoƙarin jera rukunonin daga sama zuwa ƙasa. A 1909 Edgar Thurston ya wallafa kundi mai juzu'i bakwai a kan rukunonin kudancin Indiya. Abin da a da ake sasantawa a ƙauye ya shiga takardar gwamnati. A lardin Madras, 'yan Brahmin ba su wuce kashi 3 cikin 100 na jama'a ba, amma su ne suka mamaye manyan ayyukan gwamnati da kujerun jami'a. Wannan ne ya haifar da jam'iyyar Justice a 1916.

Daga cikin wannan yanayi E. V. Ramasamy Naicker ya fito. An haife shi a Erode a 1879, ɗan attajiri. Ya fice daga jam'iyyar Congress a 1925, bayan saɓani a kan raba guraben aiki tsakanin rukunoni, da kuma rigimar wata makaranta a Cheranmadevi inda ake ware wa ɗaliban Brahmin wurin cin abinci dabam. Ya kafa ƙungiyar da ake kira ta Mutunta Kai. A babban taronta na Chengalpattu a 1929 aka zartar da ƙudurin cewa mutane su daina liƙa laƙabin jati a sunayensu, shi kansa kuma ya jefar da Naicker. Hujjarsa a fili take: muddin ana jin rukunin mutum tun daga sunansa, to an riga an yanke masa hukunci kafin ya buɗe baki. Daga baya aka san shi da Periyar, wato babba.

Almajiransa ne suka mayar da ƙudurin al'ada. C. N. Annadurai ya kafa jam'iyyar DMK a 1949, ta ci zaɓen jihar a 1967, kuma a 1969 aka sauya wa jihar Madras suna zuwa Tamil Nadu. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin jihar ta ba da umarnin goge laƙuban jati daga sunayen tituna. Sannu a hankali rubuta Mudaliar ko Iyer a rajistar makaranta ya zama abin kunya a wurin mutane da yawa.

A ƙasar Telugu ba a yi irin wannan juyi ba. Fafutukar da ta fi ƙarfi a can ta harshe da jiha ce, wadda ta samar da jihar Andhra a 1953, da Andhra Pradesh a 1956, da Telangana a 2014. Reddy da Naidu da Rao da Chowdary suna nan a allunan zaɓe. Wasu 'yan rukunonin da aka danne ma sun bi wata hanyar dabam: a 2016 malamin jami'a Kancha Ilaiah ya ƙara wa sunansa kalmar Turanci mai ma'anar makiyayi, don ya bayyana sana'ar kakanninsa da alfahari.

Goge laƙabi bai kashe jati a Tamil Nadu ba. Har yanzu yawancin aure a cikin rukuni ake yinsa, kuma mai son sani yakan tambayi garin mutum ko unguwarsu. A 1997 rikici ya ɓarke a kudancin jihar bayan an sa wa wani kamfanin motocin gwamnati sunan Veeran Sundaralingam, gwarzon da 'yan Dalit suke girmamawa, aka rasa rayuka. Gwamnatin M. Karunanidhi ta cire sunayen shugabanni daga dukkan gundumomi da kamfanonin sufuri. Abin da ƙudurin 1929 ya cim ma shi ne ya hana jati zama abin da ake fara ji game da mutum, a aji ko a wurin neman aiki.

A gaban fom

Matsi na baya-bayan nan daga fasfo da kwamfuta ya zo, domin fom yana da gurbi biyu kuma yana son a cike duka. Batamile yakan sa sunan ubansa a gurbin dangi. Shyamala Gopalan, mahaifiyar Kamala Harris, Gopalan sunan yankan mahaifinta ne. Sundar Pichai na Google a gida Pichai Sundararajan ne. Viswanathan Anand, zakaran duniya a wasan dara na ces daga 2007 zuwa 2013, Anand ne sunansa, amma Turawa suka ɗauki Viswanathan, sunan mahaifinsa, suka gajarce shi zuwa Vishy suna kiransa da shi. Wanda ya bar gurbin babu komai, bizar Amurka takan rubuta masa FNU, haruffan da ke nufin ba a san sunan farko ba. Batelugu kuwa sunan gidansa kawai yake ɗagawa daga gaba ya mayar baya, kamar Satya Nadella na Microsoft.

A gidajen Tamilawa da ke Amurka da Ingila, sunan kakan da aka rubuta a fasfo yanzu yana wucewa ga jikoki bai canza ba. Iyalan da suka ajiye laƙabin gado a ƙarni na 20 sun fara samun sunan dangi a karon farko, kuma wannan sabon sunan ba ya faɗin jatin kowa.