Kamfani Ya Mutu, Wa Ya Gaji Iskar?

A Satumban 2021 an katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Jibiya. Mai layin Nijar a bakin iyaka kan kama sabis daga tsallake, don igiyar rediyo ba ta tsayawa a shingen kwastan. Sai dai iskar nan tana da mai rabo: gwamnati ce ke yanka ta zango-zango, ta ba da lasisi.

A gwanjon 2001, hukumar NCC ta sayar da lasisin GSM kan dala miliyan 285 kowanne. A gefe guda ga su Starcomms, Multi-Links da Visafone masu fasahar CDMA, waɗanda suka shigar da intanet gidaje da shaguna ta 'yar modem. Turakunsu sun fi yawa a manyan birane, wayoyinsu kuma ba sa karɓar layin GSM, sai kasuwa ta bar su. Telkom na Afirka ta Kudu ya sayi kashi 75 na Multi-Links a 2007 kan dala miliyan 280, ya rabu da shi a 2011 kan miliyan 10. A 2016 MTN ya sayi Visafone, kuma abin da ya fi ja masa rai zangon megahaz 800 ne, wanda ke cin nisa da turaku kaɗan. Kamfani kan mutu, zango ba ya mutuwa.

Amurka ta gwada ware wa ilimi kasonsa. A 1963 hukumar FCC ta keɓe wa makarantu zango a gigahaz 2.5 don darasin talabijin. Daga 1983 aka yarje musu ba da hayar rarar, sai 'yan kasuwa suka shigo. WorldCom ya tara lasisi a wannan yanki, ya karye a 2002. Clearwire ya kafa WiMAX a kan hayar makarantu, asara ta ci shi, Sprint ya haɗiye shi a 2013. A 2019 FCC ta soke sharaɗin ilimi, a gwanjon 2022 kuma T-Mobile ya kwashe mafi yawan abin da ya rage.

A Najeriya, MTN kaɗai ya shiga gwanjon gigahaz 2.6 na 2016, ya biya dala miliyan 96. Hanya daban, masauki ɗaya: babba ne ke gadon iska.

Keɓewa kaɗai ba ta isa ba, tunda makarantar da ba ta da kuɗin kafa turke haya za ta bayar. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF don wuraren da kasuwa ba ta kai ba. Duk ranar da lasisi zai sauya hannu, a rubuta sunayen makarantun garuruwa irin Jibiya cikin sharuɗɗan, da ranar da sabis zai isa gare su.