Shekaru da Laifi: Yadda Ɓarna Ke Tsirowa da Yadda Take Lafawa

Masu binciken laifuffuka sun daɗe da lura cewa aikata laifi yana tafiya da shekaru. Yakan tsiro a ƙarshen ƙuruciya, ya kai ƙololuwa tsakanin balaga da farkon shekaru 20, daga nan ya riƙa sauka. Wani masanin ƙididdiga ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya nuna haka tun 1831 daga alƙaluman kotunan Faransa, kuma binciken da ya biyo baya a ƙasashe da dama bai rushe maganarsa ba.

Sai dai ba duk masu laifi ne hanyarsu ɗaya ba. A birnin Filadelfiya na Amurka an bi diddigin yara maza kusan 10,000 da aka haifa a 1945. Sakamakon da ya fito a 1972 ya nuna cewa kashi 6 cikin 100 ne kawai suka aikata fiye da rabin laifuffukan da aka rubuta. A 1993 kuma Terrie Moffitt, bisa nazarin yara fiye da 1,000 na garin Dunedin a ƙasar Niyu Zilan, ta raba su gida biyu. Mafi yawa ɓarnarsu ta samartaka ce: jiki ya girma, amma babu aiki, babu aure, babu mai sauraronsu, sai su kwaikwayi ƙangararru don a ce su ma sun isa. Kaɗan kuma tun suna ƙanana ake ganin alama, kamar saurin fushi da cin zalin tsara, sai gida mai rikici ko sakaci ya ƙara iza wutar. Waɗannan su ne ke ɗorewa.

Binciken da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne na Boston. Sheldon Glueck da matarsa Eleanor sun fara bin samari 500 da aka tsare a gidajen horon yara tun wajen 1940. Bayan shekaru masu yawa John Laub da Robert Sampson suka tono takardun, suka nemo mutanen, suka bi tarihinsu har zuwa shekara 70. Abin da suka wallafa a 2003 shi ne, hatta waɗanda aka fidda rai da su mafi yawansu sun bari. Abin da ya juya su kuwa shi ne aure mai kyau, da aiki tsayayye, da shiga soja, da barin unguwar da abokan banza suke. Da yawansu ba su zauna suka yanke shawarar shiryuwa ba. Dawainiyar iyali ce ta cinye lokacinsu, har suka wayi gari suna da abin da suke tsoron rasawa. Zaman kurkuku mai tsawo kuwa akasin haka ya haifar, domin ya toshe musu hanyar samun aiki.

Malaman fiƙihu ma ba su ɗauki rayuwa dunƙule ɗaya ba. Akwai yaron da bai kai wayo ba, akwai mumayyizi wanda ya fara rarrabewa, galibi daga shekara 7, akwai baligi mukallafi. Idan alamomin balaga ba su bayyana ba, mashhurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne shekara 18, Shafi'iyya da Hanbaliyya kuma 15. Kafin nan babu haddi ko ƙisasi a kan yaro, sai ladabtarwa, ko da yake ana biyan dukiyar da ya lalata. Imam Gazali a Ihya'u ya tsananta gargaɗi kan abokan da yaro ke hulɗa da su. Ibn Khaldun kuma a Muƙaddima ya bayyana cewa tsananta wa ɗalibi yana koya masa ƙarya da yaudara saboda tsoron duka. Mu da muka tashi a makarantun allo mun san wannan magana tana da ɗaci, amma gaskiya ce.

A wajenmu misali bai yi nisa ba. Ƙungiyoyin samari da ake kira palais a Damagaram, musamman a unguwar Kara-Kara, da 'yan daba a Kano, kusan duka matasa ne, ba kasafai ake ganin mai furfura a cikinsu ba. Inda muke ganin haɗari shi ne ƙofofin fita suna ƙara ƙunci: aure ya yi tsada, sana'a ta yi wuya, ga tramol a saman tebur. Saurayin da a dā zai bari yana ɗan 22 yanzu yana iya kaiwa 30 yana zaman fada. Wanda ya fito daga gidan kaso kuma yakan tarar babu mai ba shi 'ya, babu mai ɗaukarsa aiki, a masallaci ma ana janye takalmi daga kusa da shi, alhali tsofaffin abokansa su ne suka je tarbarsa a ƙofar gidan yari.