Tsohon Kaset da Manhajar da Aka Yi Waƙafinta

Tun daga shekarar 1990, sa'ad da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, kaset ɗin bidiyo ya zama taskar al'amuran Hausawa, har ya iso garuruwan gabashin Sakkwato, su Shinaka da Goronyo da Wurno da Rabah, aka riƙa naɗar tafsirin azumi da bukin aure a cikinsa. Sai dai zarensa ba ya jimirin zafin bazara da ƙurar hunturu, kuma wata dabarar cetonsa ita ce a juye shi cikin kwamfuta ta hanyar wani kati da ake cusawa a cikinta, wanda ke karɓar hoto ya mai da shi lambobi.

A nan ne mushkila take, domin katin ba ya aiki sai da manhajar da ake kira direba, kuma kamfanoni sukan ɓoye asirinta, su daina sabunta ta da zarar ciniki ya ja baya. A 1996, Ralph Metzler da Marcus Metzler suka soma rubuta wa tsarin Linux direba mai suna bttv, domin katunan da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar Bt848 ta kamfanin Brooktree na Amurka, suka bar rubutun a fili ga duk mai son nazari ko gyara. Daga baya Gerd Knorr ya karɓi ɗawainiyar. Wahalar ba ƙarama ba ce, saboda ko da yake ƙwaƙwalwar ɗaya ce, kowane maƙeri da yadda ya haɗa wayoyin sauti da na kamo tasha, sai da masu amfani daga ƙasashe dabam-dabam suka yi ta aiko da bayanin katunansu, har jerin ya haura ɗari. Wanda ya san yadda almajiran Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno tun 1837, suke kwafar littafi suna ƙara hashiya a gefe, zai gane wannan tafarki ba tare da sharhi ba.

Sunan Brooktree ya shuɗe tun da kamfanin Rockwell ya saye shi, amma bttv na nan cikin Linux har yau. Saboda haka, ya kai mai karatu, in akwai kaset ɗin wa'azin wani malami a adakar gidanku, ka gaggauta kai shi a juye tun zaren bai manne ba.